Ranar da Mama Ta Je Ofis

Tun da ɓarin jikin Mama ya shanye, Auta ba ta sake zura makulli a ƙofar shagonta ba. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce canza kunzugu, ita ce niƙa magani a cokali. Yayyenta maza biyu kuwa, Allah ya ba su lada, sun ɗauki ɓangaren da ya fi nauyi, wato turo addu'a ta waya. Babban Yaya yakan leƙo ranar hutu da ledar lemo, ya tsaya bakin ƙofa yana numfashi ta baki, ya ɗauki hoto da Mama, ya ƙara gaba. Mai bi masa kuwa har sunansa ya ɓace, Sai-Gobe ake ce masa, don gobensa ba ta taɓa wayewa ba.

Shagon gyaran gashi ne, kujera biyu da madubi da injin busar da kai mai ƙarar tsiya. Ƙarami ne, amma da yatsunta ta kafa shi. Yanzu mai gini ya aiko cewa rufaffen shago yana kashe masa layi, ko ta buɗe cikin makon nan ko ya ba mai gyaran waya.

Ta sami Babban Yaya da maganar, tana roƙon a raba kwanakin jinya. Gogan ya gyara zama ya buɗe mata karatu. Wai jinya sai mace, ita Allah ya yi wa hannun. Wai su aikin ofis suke, ba a wasa da shi, nata kuwa kitso ne, ko a gindin gado ana yi.

"Aiki ba ya hana jinya, Auta," in ji shi. "Ki ajiye ta kusa da ke ki yi abinki. Mene ne a ciki?"

Sai da ya tafi ta yi kukanta a kan bokitin wanki, don tana son uwarta, kuma tana son shagonta, ba ta ga dalilin da zai sa ita kaɗai za a ce ta zaɓa ba.

Abin da Yaya ya manta, harshen Mama ne ya yi nauyi, kunnenta garau yake. Da safe, bayan wanka, ta riƙo hannun Auta da hannunta mai lafiya.

"Ɗauko mayafina mai kyau. Kai ni wurin aikinsa."

Auta ta so ta musa. Mama ta ce, a hankali, kalma na tuntuɓe da kalma, da yaron nan a bayanta ta yi shekaru tana goge benen mutane, ba ta taɓa ajiye shi ba. Tunda ya ce babu komai a ciki, bari ya ɗana.

Auta ta cika jaka da kunzugu, magani, cokali da zanin canji, ta rataya a bayan keken guragu. Mai gadi ya buɗe musu ƙofa da ladabi, lif ya kai su sama. Sakatariya ta ce Oga yana taro, Mama ta ce ita ta haifi Ogan. Auta ta tura keken har gefen kujerarsa mai juyi, ta taka birki, ta gaishe da baƙinsa, ta faɗa masa lokacin magani da lokacin juyi.

"Ka ajiye ta kusa da kai, Yaya, ka yi abinka."

Ta juya ta fita. Amma ko lif ba ta kai ba ta jiyo shi a waya, muryar nan ta masu gida, yana ce wa matarsa ta bar ajin da take koyarwa ta zo yanzu-yanzu. Ashe kayan da Auta ta sauke, kan wata macen ya faɗa. Ta tsaya, makulli na cizon tafinta, kamar ta koma. Ba ta koma ba.

Ta buɗe shago, ta share ƙura, ranta babu daɗi. Tana tsakiyar tsefe kan mace ta farko ta hango keken a madubi. Matar Yaya ce ke turawa, allin makaranta har yanzu a hannun rigarta, fuska ba annuri. Auta ta fito tana haɗa kalmomin ban haƙuri.

"Bar shi," in ji matar Yaya. "Ni ma ina da aji. Ina ne ofishin Sai-Gobe?"

Auta ta nuna mata titin da tsinken kitso. Mama ta gyara mayafinta, ta ce a yi sauri kafin ya tashi.