Kifayen Baba a Kwamin Yaya

Baba ya rasu ya bar gida, da 'ya'ya biyu, da tankin gilashi mai kifayen zinari bakwai. Gidan ya zauna a hannun Yaya, babban ɗansa, tunda shi ke da iyali. Ƙanwarsa Auta tela ce, tana haya a wani ɗan ɗaki bayan shagonta, inda ko katifa sai an jingine ta da rana. Ta roƙe shi ya bar tankin a falo har ta sa a yi masa kanta. Ya ce ba komai.

Kifayen Baba ba irin masu gudun nan ba ne. Masu jela biyu ne, ciki zagaye kamar ƙwai, suna iyo suna rangaji, abinci ma sai ya kusa taɓa bakinsu suke ganinsa. Akwai mai kumburin kai da Baba ke kira Mai Hula, akwai wani baƙi mai idanu ƙwala-ƙwala da yake kira Mai Tabarau. Tun suna yara Baba ya sha gaya musu cewa koi, ƙaton kifin adon nan mai gashin baki, yana zama lafiya da kifin zinari siriri mai jela ɗaya, wanda zai iya tseren abinci da shi. Amma masu jela biyu da masu idanu a waje, wanda ya haɗa su da koi ya kashe su ne, sai dai a hankali. Yaya yana tsaye ake wannan karatu, shi ne ma mai riƙe gwangwanin abincin.

To, shi Yaya mutum ne mai son a ce da shi. Ya gina kwamin siminti a bayan gida, ya zuba koi manya-manya, kowane ya kai tsawon hannu, duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani kafin a ba shi ruwa.

Ranar da kafinta ya gama kanta, Auta ta zo ɗaukar tanki, sai ta tarar da ƙatuwar talabijin a wurinsa. Tankin yana tsakar gida, tsakuwar cikinsa ta bushe. Ta zaga baya da gudu. Mai Hula yana yawo a saman ruwan kwamin koi, ciki sama, jelarsa duk a yage. Sauran babu ko alamarsu. A can kusurwa ta hango Mai Tabarau ya maƙale jikin bututu, ta sa raga ta ɗauko shi. Yana da rai, amma koi sun tsotse idanun duka biyu.

Yaya ya fito yana sakace. "Kifi dai kifi ne, Auta. Ruwa na ba su, ba wuta ba."

Ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma yi masa rashin kunya ba. Da a ce bai sani ba ne, da ta yafe. Ya sani sarai, wurin talabijin kawai yake so. Ta tsane shi a ranar, tsana mai sanyi wadda ba ta gaggawa. Ta sa aka kai mata tankin, ta zuba ruwa, ta saki makahon kifin shi kaɗai. Kullum sai ta tsoma yatsu ta kai masa abinci har baki, kuma kullum abin yana dawo mata sabo.

Ta ci gaba da zuwa gidan kamar da, tana gaishe shi, tana ɗinka wa matarsa kaya. A bakin matar ta ji cewa Yaya ya gina ƙaramin kwami na biyu, ya ware wata babbar koi fara mai jan tabo a ka, da namiji guda da ya sha wahala kafin ya samu. Koi ɗin ta cika da ƙwai, Yaya yana jiran 'ya'yan fari, har ya yi wa rabin abokansa alkawari. Auta ta ce Allah ya sa albarka, ta ci gaba da awo.

Daga nan shagon mai kifin ado ta wuce. Ta tsallake jajaye da masu ɗigo-ɗigo, ta tsaya a kan wasu kifayen zinari sirara masu launin laka, waɗanda ba mai kallonsu. Ta riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya tana duba kumatunsu, don Baba ya nuna musu cewa namijin da ya isa barbara yakan fito da fararen ƙuraje a nan, kuma ko ƙwan koi ya samu yakan barbare shi. Ta zaɓi huɗu. Mai shagon ya ce hala kyanwa za ta ba, ta ce a'a, ɗan'uwa.

Washegari da rana ta kai ɗinkin, da kular kifayen a cikin jakarta. Matar Yaya ta shiga ɗaki gwaji, ita kuma ta zaga baya ta juye kular a ƙaramin kwami. Ruwan kore ne, an cika shi da ciyawar da kifi ke zuba ƙwai a kai, nan take suka ɓace a ciki. Ta ɗauraye kular a famfo.

Ƙwai ya zuba, ya ƙyanƙyashe, 'ya'ya suka cika kwami kamar sauro. Ɗan kifi kuwa ba ya nuna launinsa da wuri, don haka Yaya ya yi watanni yana ciyar da su yana cika baki. Auta takan tsaya bayansa ta yaba. Ba ta taɓa jin daɗin jira irin wannan ba.

Da suka kai tsawon yatsa, gaskiya ta yi halinta. In ka cire 'yan tsiraru, duk launin laka ne, ba fari ba ja, gashin bakin nan na koi ma sai ɗan tsiro, barbarar yanyawa tsantsa. Abokai suka zo da bokitai suka koma da dariya. Yaya ya rage ruwan don ya tace, sai ga kifayen zinari huɗu a ƙasa, sun yi ɓul-ɓul da abincinsa.

Ya aika aka kira ta. Ta same shi tsaye cikin kwami, ruwa iya idon sawu, wando a naɗe.

"Mu biyu kaɗai Baba ya koya wa wannan," in ji shi.

"Kifi dai kifi ne, Yaya. Ruwa na ba su, ba wuta ba."

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya sunkuya ya zare toshiyar kwamin, ya fita ya shige gida. Ruwan ya fara bi ta bututu zuwa kwata, ƙananan kifaye suna ta tsalle a kan siminti. Ta lalubi nadama a ranta ba ta samu ba, amma ta kasa tsayawa tana kallo. Ta jawo bokitin wanki ta kwashi abin da hannunta ya iya.

A ɗakinta ta ajiye bokitin gaban tanki. Mai Tabarau ya ji motsinta, ya taso a hankali yana laluben yatsunta a saman ruwa. Na cikin bokiti kuwa sai wulƙawa suke, masu sauri, masu yunwa, kuma girman uwarsu za su yi. Ta san abin da za su yi masa in ta juye. Tanki ɗaya gare ta, ɗakin ma ba ya ɗaukar na biyu.

Ta zauna a ƙasa tsakaninsu, hannu ɗaya cikin tanki, har ruwan bokitin ya fara ɗumi.