Ɗauko Kaka Daga Gidan Turawa

Tun a bakin ƙofar gidan tarihin jikin Bhekani Shezi ya ba shi cewa aikin nan ba zai tafi daidai ba, kuma jikin nasa bai yi masa ƙarya ba. Yana rungume da reshen magaryar kura naɗe cikin tawul, 'yarsa Nomcebo na gefensa tana haki, hannu a ƙugu.

"Da dai kin yi zamanki a gida," ya sake cewa.

"In zauna, wa zai zama bakinka? Kai da ko akuya ka gani a hanya sai ka gaishe ta."

Da gaskiyarta. Ƙa'idar ita ce, da zarar ya kira mamaciya ta hau reshen, ba shi ba yi wa mai rai magana, ba shi ba waiwaye, har sai ya shigar da ita gida a garinsu, Impendle. In ya kuskure, nan take za ta sauka.

Kakar mahaifinsa, MaDlomo, ita ce mai girkin wannan gida a zamanin Turawa. A nan ta mutu shekarar babbar mura, ba kuwa wanda ya zo ya ɗauki kurwarta. Da Nomcebo ta yi ɓari na biyu, tsofaffin dangi suka ce tsohuwar ce ke kuka an bar ta a hannun baƙi. Yanzu ga wani cikin, ya kai daidai inda na baya suka zube. Shezi ya manta rabonsa da barcin kirki.

Mai zagayawa da baƙi, Misis Govender, siririya mai tabarau, ta bi da su falo. Ga fiyano, ga agogon bango ya fi mutum tsayi, ga hotunan masu ƙasumba suna hararar kowa. An kewaye kujerun da jar igiya don kada a zauna.

"Matar gidan, Madam Ashworth, har yanzu fatalwarta tana yawo a nan," in ji ta, da muryar wadda ta gaji da maimaitawa. "Masu shara kan ji ta tana buga tukwane a kicin da sassafe."

"Madam a kicin da sassafe?" Nomcebo ta taɓa mahaifinta. "Baba, ka ji wata sabuwa."

"Ko da ranta ba ta san hanyar kicin ba," ya ce ƙasa-ƙasa.

Misis Govender ta fashe da dariya. "Ni ma na sha faɗa musu. Amma baƙi sun fi son fatalwa mai doguwar riga da safar hannu." Ta dubi tawul ɗin, ta dubi ƙayar da ta leƙo, sai ta sassauta murya. "Ɗaukar wani kuka zo yi, ko? Ɗakin masu aiki ya zama ma'ajin tsintsiya. Gara ku yi a kicin, zan tsare muku ƙofa."

Shezi ya cire hula, ya durƙusa gaban baƙin murhun ƙarfe, ya shafa reshen a ƙasa.

"Kaka MaDlomo, ni ne Bhekani, jikan Mgidi, ɗanki da kika bari yana rarrafe. Mun makara, ki yafe mana. Aiki ya ƙare. Tashi mu tafi gida."

Ya miƙe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ya bi dogon lungun yana yi mata bayani. "Ga falo, Kaka. Yau ta ƙofar gaba za ki fita."

Saura taku kaɗan ya kai ƙofar, sai ya ji daga bayansa: "Baba!"

Ya tsaya cak. Da wannan muryar ta kira shi daga banɗaki ranar ɓarin ƙarshe. Ya ji ƙarar kujera, ya ji Misis Govender tana cewa, "Zauna, zauna, 'yata, kada ki motsa."

Ya ɗaga reshen daidai bakinsa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Kaka, don girmanki tambayar mini ita, me ya same ta?"

Sai shessheƙa ya ji.

Ya juya. "Nomcebo! Jini ne?"

Ta tsallake jar igiya, tana zaune daram a kujerar Madam, hannu biyu a ciki, hawaye na zuba tana dariya.

"Ya motsa, Baba. Wallahi ya shure ni. Ga shi ma ya sake!"

Na bayan da suka zube ko ɗaya bai taɓa kaiwa ga motsi ba. Shezi ya zauna a ƙasa a tsakiyar falon Turawa, yana sauke numfashi kamar wanda ya yi gudu.

Can sai ta zaro ido. "Baba! Ka juyo! Ka yi magana!"

"Ke kika jawo."

"Ni na ce ka juyo? Kira kawai na yi."

"Kira kawai! Irin wannan kira ko gawa ce sai ta waiwaya."

Misis Govender ta goge tabarau da gefen rigarta. "To yanzu fa? Ana sakewa?"

Tsofaffi ba su faɗa masa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dubi reshen, ganye da ƙaya, yadda ya yanko shi jiya.

"Kaka, ke ma uwa ce," ya ce. "Da ke ce, da kin juya. In kin sauka, ki daure ki sake hawa."

Daga nan ya kame bakinsa.

A tasha Nomcebo ta kama musu kujera uku. Direba ya ga reshen a kan ta tsakiya, ya kashe rediyo ba tare da an roƙe shi ba. Shezi ya riƙa sunkuyawa yana raɗa: ga gada, Kaka, ga kogi, mun fara hawan tudu. Nomcebo ta jingina da taga ta yi barci, hannunta a kan ciki. Ya daɗe yana kallon yadda take numfashi.

Ko tsohuwar tana kan reshen, ko ta sauka a falon ta koma wurin tukwanenta, wannan Shezi bai sani ba.