Durƙuso Ɗaya Ya Rage wa Turai

Tun da likita ya ce zuciyarta ta kumbura, Turai ta koyi auna ƙarfinta kamar mai auna gishirin miya. Wanka na cin nasa, girki na cin nasa. Amma ba abin da ke cinye shi irin durƙuso. In ta kai gwiwa ƙasa ta miƙe sau ɗaya a yini, to, shi ke nan. Na biyu sai dai a kwashe ta.

Ranar sadakar ukun Malam Nuhu, mijin ƙawarta Delu, ko tukunya ba ta ɗora ba. A zaune ta yi wanka, a zaune ta yi sallar azahar. Kwana biyu tana ɗaura niyyar zuwa gaisuwa, jiki na kwancewa. Delu kuwa ita ce ta yi jinyarta a asibiti, kwana goma sha tara a kan tabarma a gindin gado. In yau ma ba ta je ba, ba ta san da wane ido za ta ƙara kallonta ba.

Keke ya sauke ta a bakin lungu a Rafin Guza. Sau biyu tana dafa bango kafin ta kai ƙofar gidan.

Tsakar gida cike da mata. A tabarmar farko tsofaffi huɗu ne, dangin mamaci. Duk wadda ta shigo sai ta zube gabansu ta yi gaisuwa, sannan ta wuce ɗakin mai takaba, can ƙurya. Turai ta dubi tabarmar, ta dubi ƙofar ɗakin.

Ta ɗan rusuna daga tsaye. "Sannunku, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

Goggo Mardiyya, yayar mamacin, ta kalle ta sama da ƙasa.

"Amin. Wannan 'yar wace ce?"

"Turai ce, mai aiki a sakateriya," in ji wata.

"Ai na ga alama. Yarinya, a ofis kika baro gwiwar taki?"

Wata ta rufe baki da mayafi. Turai na da bayani, amma bayani ma numfashi yake ci. Ta wuce.

Delu na zaune a ƙasa, jingine da gado, carbi a hannu. Turai ta zube gabanta gwiwa biyu. Ta'aziyyar da ta yi ta bita a cikin keke ta ƙi fitowa, sai haki.

Delu ta dubi ƙafafun Turai da suka kumbura.

"Ke kam ba kya jin magana. Kin sha magani?"

Turai ta gyaɗa kai.

"Kin durƙusa wa su Goggo?"

Ta girgiza kai.

"Tab. Sai sun shekara suna yi da ke." Delu ta jawo filo daga kan gado ta cusa mata a baya. "Miƙe ƙafa. Ba mai tashinki sai bayan la'asar."

Turai ta jingina. Daga tsakar gida muryar Goggo Mardiyya na shigowa, tana ba wata sabuwar zuwa labarin gwiwa.