Magani Ba Goro Ba Ne

Duk Tibiri an san taubashiyata Rahina da hali guda: ba ta iya tsallake ƙofa. In aka yi haihuwa a gidansu aka ba ta goron gayyatar suna, sai ta zaga unguwa kaf, har gidan da ba a ga-maciji da su. Tsofaffi suna sa mata albarka. Ni kuwa, da yake ɗan kawunta ne, na raɗa mata suna Raba-Daidai, ban san halin nan zai kayar da ita jarabawa ba.

Ta gama lakol, wato makarantar koyon jinya, a Maradi, ta zauna jarabawar diplom, ta faɗi. Aikin hannu ba ta da na biyu. Takarda ce ta kayar da ita, wurin tambayoyin nan da ake jera amsa biyar a ce zaɓi duk masu kyau, ba a faɗa maka ko nawa ne ba. Ka haɗa da ɓara-gurbi guda, makin tambayar ya tafi. Rahina kuwa duk amsar da ta yi mata kallon sani sai ta sa mata alama.

Ta koma likitar Cadakori, wato asibitin garin, tana aikin sa-kai ƙarƙashin Majo Ummukulsum, shugabar ma'aikatan jinya, mace ce da ba ta tauna magana. Majo ta gaya mata ƙiri-ƙiri cewa ba za ta iya ci gaba da riƙe marar diplom ba: in ta sake faɗi bana, sai gida.

Ni ke kai ta da ɗauko ta a babur. Wata ranar kasuwa na iso da wuri, na tarar da Majo riƙe da takardar gwajin da Rahina ta yi. Tambaya ce kan abin da ake yi wa jariri mai zawo. Rahina ta zaɓi ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zink, da ci gaba da ba shi nono. Ta kuma ƙara da maganin tsai da zawo irin na manya.

Majo ta ɗora yatsa a kai. "Wanga mi ya kawo shi?"

"Na ga ai shi ma na zawo ne, Majo. Ƴan gida guda ne."

"Ƴan gida guda! Ki ba jariri shi, cikinshi shi kumbure?"

"A'a, ba ni ba shi."

"To don mi kika ba takarda?"

Na kasa riƙe bakina. Na ce, "Majo, kara ce. Ko maƙiyi ba ta hana ma goro."

Rahina ta galla mini harara. Majo ba ta yi dariya ba, ta ce, "Ɗiyata, magani ba goro ba ne. Wanda kika tsallake ba shi fushi."

Sai ta nuna mata yadda za ta yi. Ta fara karanta tambaya sarai, ta ja layi ƙarƙashin abin da ake nema, musamman in an ce "ban da". Sannan ta rufe amsoshin da tafin hannu, ta buɗe guda kawai, kamar yadda ake shigo da majinyata ɗakin awo ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi kanta ko za ta yi wa wannan majinyacin wannan abu, i ko a'a, ta yanke, sannan ta buɗe ta gaba. Ban da ƙirga alamomi. Ban da komawa a goge, sai da hujja.

Na sha wahalar dabarar nan, wallahi. Duk hanyar Cadakori zuwa Tibiri ina kokawa da yashi, tana bayana tana "i, a'a, a'a, i", har masu amalanke suna waiwayenmu.

Ranar jarabawa ta fito fuska ba walwala. Ta ce akwai tambayar alamomin ƙarewar ruwa a jikin yaro, ta bi su ɗaya-ɗaya, sai ga alama huɗu cikin biyar.

"Chindo, gabana ya hwaɗi. Na ce tsohon hali ne ya dawo. Har na ɗauki gom in goge guda."

"Kin goge?"

"Na nemi hujja na rasa. Na bar su."

Ta ci. Da sunanta ya fito, na yi ta danna oda tun daga tasha har ƙofar gidansu, kamar ni na zauna jarabawar.

Ba a yi wata guda ba babana, Malam Tahiru, ya tashi da mura da ciwon jiki. Ya ce in kai shi Cadakori, tunda yanzu likita tamu ce. Ya zauna gaban Rahina ya jero buƙatunsa: allura, da ƙarin ruwa, da ƙwaya. Shi ne fa kawun da ya kai ta lakol da hannunsa, wanda ba ta taɓa yi wa musu ba tun tana rarrafe.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta auna zafin jikinsa, ta ɗiga jininsa a abin gwajin zazzaɓin cizon sauro, ta jira sakamako. Na ga leɓenta yana motsi, na san abin da take yi.

"Kawu, ƙwaya za ka sha, ka huta. Allura ba taka ba ce yau. Ƙarin ruwa ma haka."

"Ke Rahina! Ni za ki hana ma?"

"Ka yi haƙuri, Kawu." Ta buɗe jakarta ta zaro farin goro ta miƙa masa da hannu biyu.

A hanya na ɗauka fushi yake yi. Muna isa majalisarsu ta ƙofar masallaci ya ce in tsaya. Ya sauka, ya gyara babbar riga, ya ɗaga goron sama yadda kowa zai gani.

"Ku ji mani! Ɗiyar ƙanwata ta duba ni, ta ce allura ba tawa ba ce. Ni Tahiru, ta hana ni!"

Ya ɓare goron ya raba musu, yana dariya, idonsa cike da ruwa.