Kwalaben Ummul-Khairi

Duk direban da ya taɓa yin kwana uku a layin manyan motoci bakin gadar Malanville, yana jiran 'yan duwan, wato kwastan, su sallame shi, ya san gyaɗar Ummul-Khairi. Shekara ashirin tana soya ta da yashi, ta murje, ta fece, ta ɗura a kwalba. Kuma ba kowace kwalba ba, sai ta giya, mai kauri, mai murfin murɗawa, wadda gyaɗa ke yin wata guda a ciki ba ta yi sanyi ba. Kowace Alhamis da hantsi takan bi ta ƙofar baya ta gidan giyar da ke bayan tasha, inda mai wurin, wata mutuniyar kudu da kowa ke kira Madam, take tara mata kwalaben da aka shanye. Ta kai gida, ta wanke da ruwan zafi da toka har sau bakwai, ta kife a rana. Ba ɓoyayyen abu ba ne. Liman da kansa ya ci gyaɗar nan, wallahi, har ya aika a ƙaro.

Sai zaɓen konseye, wato kansila, ya zo, yayanta Abdulwasi'u ya tsaya a jam'iyya mai alamar tulu. Babbar maganarsa a wajen farfaganda ita ce a daina ɗirka wa 'yan kabu-kabu barasa don su yi wa ɗan takara rakiya da ihu. Mutane sun ji daɗin maganar. Waɗanda ba su ji daɗi ba su ne mutanen Ɗan'iya, mai shagon taya, da ya tsaya a jam'iyya mai alamar zangarniya.

Ranar wata Asabar hoto ya fara yawo a salula. Ga Ummul-Khairi nan tana fitowa daga gidan giya, kwali a ka, wuyan kwalabe na leƙowa. An haɗa da muryar wani mara kunya, da Hausa da Dendi, yana cewa a dubi ƙanwar mai wa'azin hana giya.

Kai, mutane! Kowa ya san gaskiya, amma kowa ya yi kamar yau ya fara ganin kwalba. Karimatu, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana sayen gyaɗarta, ta zo wucewa ta gaban teburinta, ta kau da kai kamar ta ga mushe. Kasuwa ta ci ta watse, kwalba biyu kacal aka saya, su ma baƙi ne daga Kamba. Ba cinikin ne ya fi ci wa Ummul-Khairi rai ba. Sunanta ne, wanda ta riƙe tun rasuwar mijinta ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ga shi yau yana yawo a bakin 'yan shayi. Ta koma gida ta yi kuka, kukan baƙin ciki sosai.

Washegari Abdulwasi'u ya zo, tare da Latifu, mai shirya masa tarurruka da ayarin babura. Ya zauna a bakin tabarma yana ta murza carbi.

“Ummu, ki yi haƙuri ki tahi Garou wurin Inna, ki zamna har a ƙare zaɓen ga. Ƙura ta lahwa.”

“In tahi Garou? Mi na yi, Yaya?”

“Ba ki yi komi ba. Amma mutane na magana.”

“To ka hito ka hwaɗa musu ban yi komi ba mana! Gyaɗag ga da ita na biya ma ɗiyana kuɗin karatu a lakwal, kai ma ka ci ta.”

Latifu ya sa baki: “Hajiya, siyasa ta gaji haka.”

Ta watsa masa wani kallo. “Ba da kai nike ba.” Sannan ta juya ga yayanta. “In na gudu, na amsa laihi ke nan. Ba ni zuwa ko'ina.”

Alhamis ta zagayo, ta ɗaura zanenta na fita, ta bi ta tsakiyar tasha ido na ganin ido, ta shiga ƙofar bayan. Abin da ta tarar ya sa ta riƙe baki. Ita da ta saba samun kwali uku a sati, yau goma sha huɗu ne jibge har saman taga. Kuma kowane kwali an liƙa masa takardar farfaganda a gefe.

Ta tambayi Madam dalili. Madam ta ce, da gurguwar Hausarta, ita ba ta iya riƙe sunayen mutanen nan, ga shi kowa na aiko da a kai masa kaya wurin taro. Don kada a kai na wani wurin wani, sai ta liƙa wa kowane kwali takardar jam'iyyar da ta saya, in an shanye a maido kwalaben a ciki.

Ummul-Khairi ta duƙa tana juya kwalayen. Zangarniya, zangarniya, zangarniya, har takwas. Daɗi ya fara kama ta. Ta juya na tara, sai ga tulu. Na goma ma tulu. Shida cif, da hoton yayanta yana murmushi a kai.

Ta sa farce a gefen takardar, ta ji ta fara ɓantarewa, abu mai sauƙi, ba wanda zai sani. Ta daɗe a tsugune. Sannan ta tofa yawu a yatsa ta mayar da gefen ta manne.

“Madam, duka nika ɗauka. In an tambaye ni inda na samo, zan hwaɗi.”

Madam ta ɗaga kafaɗa. “Hwaɗi. Na gaji. Yaran siyasan nan, kujeruna huɗu sun karya.”

A ranar, bayan la'asar, Delege Oumarou, mai unguwarsu, ya tara 'yan takarar biyu a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta ƙofar gidansa don jama'a su ji ta bakinsu. Maza a benci, mata a tabarmi daga gefe, 'yan kabu-kabu zaune a kan baburansu. Ɗan'iya yana tsaka da magana, ya ɗaga salula sama yana cewa mai son gyara gari ya fara da gidansu, sai ga mai tura kura ya kunno kai da lodin kwalaye, kwalabe na ƙara, Ummul-Khairi na biye.

Ta durƙusa ta gaida Delege. “Baba, a ba ni izini. Sunana aka ta ja, ni ko ban yi magana ba.”

Tsohon ya dube ta, ya dubi kayan, ya ce ta yi.

“Ni na san yawan giyar da aka sha garin ga hiye da kowa, don ni ka wanke kwalaben. Kwali ukku nika samu kowane sati. Tun da anka hwara farfaganda, ga abin da na samu.” Ta fara sauke su ɗaya bayan ɗaya, tana juyo takardar ta fuskanci jama'a. Takwas na zangarniya suka jeru. Mutanen tulu suka ɓarke da sowa, Latifu har da tsalle.

“Ku dakanta,” in ji ta. “Ban ƙare ba.”

Ta sauke sauran shidan. Sowa ta tsaya cak. Abdulwasi'u ya ƙura wa hotonsa ido a jikin kwalin giya, sannan ya juya a hankali ya dubi Latifu.

Latifu ya hau kame-kame. “Alhaji, in ba a ba su ba, ba su hitowa ayari.”

“Ƙarya kake!” Wani dattijon ɗan kabu-kabu ne, Kadiri, ya diro daga babur. Ya naɗe hannun riga ya nuna wani dogon tabo. “Wancan zaɓen da ya wuce na same shi, wani yaro ya sha ya haye ni. Esansi muka roƙo kullum, man da za mu zuba ma babur, ku ba mu kwalba don ta hi arha. Ku duka biyu!”

Abdulwasi'u ya miƙe. Kunya ta gama rufe shi, amma dai ya miƙe. Ya ce bai sani ba, sai dai kuma bai taɓa tambaya ba, wannan laifinsa ne. Sannan ya juya wajen tabarmin mata. “Ummu, na ce ki ɓoye, alhali ke ɗai ce mai gaskiya cikinmu. Ki gahwarce ni.”

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

Ɗan'iya ya so ya zame, Delege ya ce ina, ba inda za shi. Nan a gaban jama'a su biyun suka yi alkawari, kowa da bakinsa, ba sauran giya a taron kowa, ayari kuwa esansi za a zuba a tanki a gaban ido. Aka sa Kadiri da mutanensa su lura.

Alhamis ta gaba Ummul-Khairi ta koma wurin Madam, ta tarar da kwalba tara. Tara! Ko rabin gyaɗar da ta soya ba za su ɗauka ba. Tun bayan taron nan har mashayan da suka saba zuwa sun ɗauke ƙafa, kowa na gudun a gan shi. Madam ta ce, “Ke kika jawo ma kanki.” Su biyun suka yi ta dariya.

Tana isowa gida ta ga mata a ƙofa, sun kai goma, kowace da ƙullin zane ko kwando. Karimatu ce a gaba. Ta kwance nata ba ta yarda sun haɗa ido ba, sai ga kwalabe bakwai, wankakku tas, irin dai waɗanda ta yi shekaru tana saye da gyaɗa a ciki.

“Cikin ɗakina suke tun tuni, da mai da kanwa nika zubawa,” in ji Karimatu a hankali. “Kowace ta duba, ba gidan da babu su. Ki cika mini biyu, Ummu.”

Ummul-Khairi ta ɗaga ɗaya ta duba ta a hasken rana, ta shinshina bakin.

“Wagga sai an sake wanki,” ta ce. “Shigo ki hura mini wuta.”