Idon Baba na Hagu

…da ta ɗaga kai ne kawai. Sau ɗaya tak. Amma ina aka taɓa yi, matar ɗa ta tsura wa surukinta ido?

Ga Baba can cikin ɗakin likita, haɓarsa bisa ƙarfen na'ura, shuɗin haske na lasar idonsa na hagu. Maigidanta na tsaye yana murza hula. Ita tana bakin ƙofa, rungume da ledar magani. Kwalba uku, sau huɗu a yini, wallahi ba ta taɓa tsallake lokaci ba. Sai dai… kunnensa take kallo in tana ɗiga masa. Kunne! Kunne aka yi wa aiki?

Ranar Litinin aka cire masa yanar ido. Ba irin tsohon aikin nan mai ɗinki ba, 'yar kafa ce aka huda, inji ya farfasa ya zuƙe. Wata nas mai gilashi kuwa ta ja ta gefe, ita, tunda ita ce mai zaman gida: "Amarya, ido kamar kwatami yake. Akwai wani abu mai kauri da muke zubawa lokacin aiki, in ragowarsa ta toshe hanya sai ruwa ya taru, idon ya yi tauri. Ciwon kai, amai, jan ido — ko takalmi kada ki tsaya nema."

Ta ce to. Komai to.

Talata ya yi amai a bayan ƙofa. Dattijo guda, yana kakkaɓe riga kamar mai laifi… "'Yata, rufa min asiri, kada yaron nan ya baro aikinsa." Ta kawo ruwa da tsumma ta goge. Har daɗi ta ji — daɗi! — wai ta isa riƙe sirrin manya. Laraba yana dafe da goshi yana tsokanarta: "Fitilar nan taku na ga ta yi rawanin haske, sarauta aka ba ta?" Ta yi dariya cikin mayafi. Dariya fa.

Likita na janye na'urar, yana faɗin wata lamba, arba'in da wani abu. Ba ta san awon ba, amma ta ga yadda nas ta ajiye biro.

"Jijiyar gani in ta mutu ba ta dawowa. Tun yaushe yake ciwo?"

"Yau da safe ne, likita," in ji Baba. Shi ke rufa mata asiri yanzu…

"Wa ke sa masa magani?"

Ita. In ta ce Talata, ta ƙaryata Baba a gaban ɗansa. In ta yi shiru — maganin ciwon yau da safe za a ba ciwon kwana uku?

Tana ɗaga kai. Yau dai. Idon ja wur, da hazo a kai, yana nemanta ta gefen da ba ta tsaya ba.

Talata… bakinta a buɗe yake. Talata. Ta faɗa ne, ko a zuci ta tsaya?