Zama a Ɗakin Auta

Tun ranar da Mai Ƙanƙara, mai shago a gidan haya, ya kafa injin wutarsa a bayan gidan, Kafinta bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Bututun hayaƙin injin yana kallon tagar ɗakin da 'yarsa Auta take kwana, ita kuwa tana da ciwon asma. Da an ɗauke wuta sai injin ya tashi, ƙirjin yarinyar ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. An toshe tagar da tsumma da kwali, hayaƙi bai san ana yi ba. Sun taɓa mayar da ita ɗakinsu, amma ɗaki biyu ne a jere, hayaƙin ya biyo ta.

Ya kai kuka wurin Wakili, mutumin da mai gida ya ɗora kan ɗakunan da shagunan. Wakili ya taɓa zuwa wani taron bita, ya dawo da kalma guda da ba ta barin bakinsa: tattaunawa. Famfo ya fashe, tattaunawa. An sace shanya, tattaunawa.

"Kwantar da hankalinka, Malam Kafinta. Za a tattauna."

"Ranka ya daɗe, bututu ne fa za a ɗaga sama. Ko ni zan iya, in an ba ni izini."

"Ka ga matsalarku ke nan, gaggawa. A tattaunawa babu mai laifi, babu mai gaskiya. Fahimtar juna ake nema."

Aka zauna a ofishin Wakili, ƙarƙashin fanka, da lemo mai sanyi da Mai Ƙanƙara ya kawo. Mai Ƙanƙara ya yi bayanin tsadar mai da ta walda. Wakili ya yi dogon bayani kan amfanin zaman lafiya. Da aka zo kan Kafinta sai aka ce lokaci ya ƙure, a sake zama. Aka sake, aka kuma sake. Kullum Wakili yakan raka shi bakin ƙofa yana cewa an samu ci gaba. Bututu dai yana nan inda yake.

Wata rana da la'asar numfashin Auta ya sarƙe har leɓɓanta suka canza launi. A asibiti nas ta ce, "Baba, in ba ku raba ta da hayaƙin nan ba, magani wahalar banza ce."

A hanyar gida matarsa ta tambaye shi me zai yi. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa za a sake tattaunawa.

"Kai ma ka koyi yarensu, Baban Auta? Ni a sanina da guduma kake aiki."

Wato shi, uban yarinya, an mayar da shi mai shan lemo yana gyaɗa kai, 'yarsa na shiɗewa.

Washegari ya je wurin Wakili. "Kullum ni ke shan lemonku. Wannan karon a yi zaman a wurina." Wakili ya ji daɗi, ya ce ai ga shi ya fara ganewa.

Kafinta ya tura matarsa da yaran zuwa gidan yayarsa. Ya jera benci a ɗakin Auta, ya cire tsumman da kwalin daga taga. Babu wuta, injin yana ta aikinsa. Baƙin suka shigo, shi kuma ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Wakili bai kai ƙarshen gabatarwa ba tari ya sarƙe shi. "Ina ganin gara mu koma tsakar gida."

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Yau dai zan kai ƙarshen maganata. Ni ba mai ilimi ba ne, a hankali nake magana."

Ya faro daga ranar da aka haifi Auta. Bai ɗaga murya ba, bai kuma tsallake komai ba. Wakili ya toshe hanci da hularsa. Mai Ƙanƙara, idanunsa na ruwa, ya tsaya kallon bangon da ya yi baƙi a saman 'yar katifa.

"Nan take kwana?"

"Nan."

"Wallahi ban taɓa shigowa ba."

"Ba wanda ya taɓa shigowa. A ofis ake fahimtar juna."

Mai Ƙanƙara ya miƙe. "Ba ni hanya, maƙwabci." Kafinta ya dube shi, sannan ya janye kujerar. Ba a jima ba ƙarar injin ta mutu, sai ga muryar Mai Ƙanƙara ta taga yana tambaya ko akwai tsani, yana da ragowar bututu a shago.

Kafinta ya fito da tsani a kafaɗa. Wakili yana tsakar gida yana share ido, ya tara mata masu wanki.

"Kun ga amfanin tattaunawa? Abin da nake ta faɗa muku ke nan."

Kafinta ya jingina tsanin da bango, ya taka matakin farko.

"Riƙe mana ƙasan, ranka ya daɗe. Da hannu biyu."